Maikasuwa da Gawon Jikarsa

A Unguwar Dinya, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Kanya Babba a ƙasar Ɓaɓura, idan ana zancen iya sassabe, da Malam Maikasuwa ake auna kowa. Sunansa na yanka Muhammadu Lawal, amma ranar kasuwa aka haife shi, sunan ranar ya danne na yankan tun yana goye. Yanzu ya haura sittin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da giɓi a haƙoransa na sama, inda jaki ya harbe shi yana saurayi. Bai yi boko ba. Ya yi allo, ya yi noma, ya yi shekaru yana zuwa ci-rani lambunan bakin ruwa a Kazaure, ya aurar da 'ya'yansa. Da mutanen gari suka ga dattakunsa, suka ɗora shi a kan kwamitin iyayen yara na makarantar firamaren ƙauyen.

Sassaben da aka san shi da shi ba irin na kowa ba ne. Yawancin manoma, idan bazara ta yi, sukan bi gona da adda su sare tsiron da tsofaffin kututture suka fitar, su tara su ƙona, baɗi tsiron ya dawo. Maikasuwa ba ya son aikin da za a maimaita. Sai ya tone gindin kututturen da sungumi, ya sare shi can ƙasa da gatari, ya cika ramin da kara da busasshen kashin shanu, ya sa wuta. Wutar kashin shanu ba ta da harshe, a hankali take ci, sai ta wuni tana bin saiwa. Kututturen da ya yi wa haka ba ya sake tofo. Wurin ubansa ya koya, kuma uban ya nuna masa cewa mutumin da ya bar gonarsa da datti ya tona wa gidansu asiri. Gonakin Maikasuwa biyu, daga iyaka zuwa iyaka, babu abin da zai tare wa mutum ido. Gaskiya ne damin geronsa yana raguwa shekara bayan shekara, kuma iskar farkon damina takan kwaso rairayi ta yanke masa yabanya, sai ya sake shuka. Amma haka take yi wa kowa a yankin, kuma kowa ruwa yake ɗora wa laifi, da tsadar takin zamani.

Makarantar ba ta da girma: ginin ajujuwa biyu, malamai uku, da wani fili a baya wanda mai gari ya ba ta don ya gaji, ba ya ba da komai. Haka filin yake har aka turo Malama Aisa daga Kazaure. Kakanninta daga Borno suka zo da fatauci suka zauna, kawunta kuma yana noma a hayin iyaka, wajen Magariya ta Nijar. A gonar kawun ne ta ga gero yana tashi kore shar a gindin itatuwan gawo, ta kuma ga yadda suke samun itatuwan ba tare da sun dasa ko ɗaya ba.

Abin da ta gani can shi ta kawo filin makaranta. Da rani ta fita da yara suka bi filin suna neman tsiron da ke fitowa daga tsofaffin kututture: sabara, kalgo, magarya, da gawo nan da can. A kowane kututture sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu miƙewa su bari, su datse sauran. Saiwar tana nan a ƙasa tun zamanin kakanni, ta riga ta kai ga ruwa, don haka reshen da aka bari yakan yi saurin da dashe ba zai yi ba. Kowane yaro aka ba shi kututturensa, ya zo da ƙyalle daga gida ya ɗaura, don a san na wane ne. Karan da aka girbe ba a kwashe shi, a kwance ake barinsa ya rufe ƙasa, gara ta ci ta mayar. Tsakanin itatuwan suka shuka gero da wake. Gawo yana da wani hali da ya bambanta shi da sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Shi Malama ta fi lallaɓawa. A kaka ta uku, filin da aka ce ya mutu ya ba da abin da aka riƙa dama wa yara kunu da shi a wasu ranaku, ana dafa musu wake.

Duk wannan ta yi bayaninsa a taron iyaye, Maikasuwa yana zaune a gaba. Ta ce don Allah kada a taɓa duk abin da aka ɗaura wa ƙyalle. Ya gyaɗa kai ya ce to, sauran dattawa ma suka ce to. Amma abin da ya shiga kunnensa daban ne. Ya dubi mace baƙuwa, ba miji a gari, ba ƙanne, ba 'yan ƙwadago, an haɗa ta da fili da ƙananan yara. A inda ya tashi, mai kunya ba ya cewa a taimake ni. Idan abu ya fi ƙarfinsa sai ya ce ai haka nake so. Maikasuwa ya koma gida yana yaba mata tarbiyya, yana kuma jin nauyin cewa gari guda ya zuba ido.

Jikarsa Zulaikha, 'yar babban ɗansa, tana cikin yaran. Ita ce abokiyar wasansa a gidan. Takan ɓoye masa hula, ta sace masa goro a aljihu, ta kira shi Mai Giɓi. Shi kuma Uwar Magana yake ce mata. Sau da yawa ta zo masa da labarin gawonta.

"Mai Giɓi, gawona fa ya fi ka tsawo."

"Ai ni kowa ya fi ni tsawo. Gawo ne ko ƙaya?"

"Za ka zo neman inuwa wata rana, in kore ka."

Yakan yi dariya ya miƙa mata ɓarin goro. Bai taɓa zuwa ya gani ba. Ya ɗauka irin wasan 'yar tsana ne.

Abin da ya tunzura shi a kasuwar Kanya Babba ya faru, ana cikin hutun makaranta, bazara ta yi zafi. Daudu mai igiya, taubashinsa daga ƙauyen da ke gaba da nasu, ya hango shi daga rumfa.

"Maikasuwa! Zo nan ka yi mana bayani. Jiya na bi ta bayan makarantarku a kan babur, wani zomo ya tare ni yana tambaya ko har yanzu ana ɗaukar 'yan aji ɗaya."

Rumfa ta kwashe da dariya.

"Ku da sai mutane sun fara girbi kuke neman iri," in ji Maikasuwa, "har kun samu bakin magana?"

"Mun ji, mu ragwaye ne. Amma ba mu taɓa barin baƙuwa da daji ba. Kai da kake yi wa kututture jana'iza, ga shi a ƙofar gidanka yana aurar da 'ya'ya."

Ya mayar masa da wata, aka sake dariya, amma zancen baƙuwar ya bi shi har gida. Ya je wurin mai gari ya ce yana so a yi wa makaranta gayya kafin Malama ta dawo daga Kazaure, ta tarar an share mata fili, sai shuka kawai. Mai gari ya sa albarka. Hedimasta yana Ɓaɓura wurin iyalinsa, ba wanda ya ga dalilin wahalar da shi a kan abin alheri.

Waɗanda suka halarci gayyar sun ce an daɗe ba a yi mai kyanta ba. Maza suka bar gonakinsu suka fito da adda da gatari. Matar Maikasuwa, Tasalla, ta haɗa mata suka yi dambu da fura. Har makaɗi aka samo. Wani magidanci, Muhammad Auwal, ya matso kusa da Maikasuwa kafin a fara.

"Baba, yarana fa suna ta cewa Malama ta hana a taɓa masu ƙyallen nan."

"Auwalu, yaranka ne za su koya mini noma? Kunya take ji. Bari ta dawo ka ga fara'arta."

Muhammad Auwal ya koma cikin masu aiki. Ba a ja da dattijo a gaban mutane.

Aka tattara karan da ke kwance aka yi tsibi-tsibi. Aka sare, aka tone, aka cika ramuka. Maikasuwa ya zaɓi tsakiyar filin, inda itatuwan gawo suka fi yawa, don nan ne aikin ya fi son gwani. Wanda ya fi kowanne tsawo ya kai kaurin damtse, ya miƙe sambal, an datse masa ƙananan rassa da kyau. A jikinsa akwai shuɗin ƙyalle mai fararen furanni, rana ta cinye launinsa. Maikasuwa ya ɗan tsaya, don ya ji kamar ya san ƙyallen. Daidai nan makaɗi ya juyo da ganga yana kiran sunansa da na ubansa, mutane suka ɗauki shewa. Ya ɗaga gatari.

A can ƙarshen filin samari ne ke aiki. Da ya zagaya ya tarar sun sassare sama-sama sun wuce, ba tono, ba wuta.

"Wannan sassabe kuka yi ko aski?"

Suka sunkuyar da kai. Sai ga abinci ya iso, rana kuma ta take. Ya ce a bari, shi zai dawo ya gyara da kansa. Aikin gonarsa ya sha masa kai, bai dawo ba. Da zai tafi gida ya saɓa sandar gawon nan a kafaɗa, don rumfar awakinsa tana neman madogara.

Ana saura kaɗan a koma makaranta Zulaikha ta dawo daga Roni, inda ta yi hutu wurin kakarta ta wajen uwa. Ɗan acaɓa ya sauke ta da hantsi. Tun daga zaure ake jin muryarta.

"Ina Mai Giɓi? Na zo da alewa, amma sai mai haƙori!"

"Uwar Magana, mun huta, kin dawo."

Ta ajiye ƙunshinta ta wuce bayan gida don ta ga 'yar akuyar da aka haifa ba ta nan. Maikasuwa yana kan tabarma yana jiran ta dawo ta fizge masa hula. Shiru. Da shirun ya yi yawa ya tashi ya leƙa. Tana tsaye a gaban rumfar awaki tana kwance ƙyallen daga jikin sandar. Ƙullin ya yi tauri, ta sa haƙori. Da ta kwance ta ninke shi ta riƙe a hannu, ta wuce ta gefensa ta shiga ɗakin uwarta. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

Tasalla tana bakin murhu, ta ga komai.

"Malam, ba ka gane zanen ba?"

Ya juyo ya dube ta, ta ci gaba.

"Kai ka sayo mini shi, shekarar da aka haifi ubanta. Da ya tsufa ta roƙe ni na yaga mata. Da na san abin da za ku yi ke nan, da ban ɗora tukunya ba."

Washegari Zulaikha ta fito ta durƙusa a gabansa har ƙasa. "Ina kwana, Kaka. An tashi lafiya?" Ya amsa. Ta tashi ta tafi. Gaisuwa ce cikakkiya, babu abin da mutum zai kushe a cikinta. Irin wadda ake yi wa baƙon da ya kwana a zaure. Ya bar hularsa a kan tabarma da gangan, da goro a gefe. Da ya dawo daga gona suna nan yadda ya bar su.

Ranar da aka koma makaranta Maikasuwa ya daɗe yana naɗa rawani yana warwarewa kafin ya fita. Ya tarar da Malama Aisa a bakin filin, ita kaɗai, yara suna leƙe ta tagogi. Fili fes, baƙaƙen tabon toka jere-jere, daga nan har iyaka babu abin da zai tare ido. Aikin da a da zai kira mutane su zo su gani.

Ta juyo ta rusuna.

"Baba, ina kwana. An ce kun yi mana gayya. Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

Haka ake faɗa wa wanda ya yi maka gayya, ba ta rage ko kalma ba. Maikasuwa ya ji a ransa cewa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Malama, ki yi faɗa mana."

"Da wa zan yi faɗa, Baba? Da mutanen da suka bar gonakinsu suka zo tamu?"

"Kin faɗa mana a taro."

"Na faɗa. Kuka ce to. Na tafi hutu hankalina kwance."

Ya dubi ƙasa. Ta bar shi ya gama dubawa, sannan ta ce akwai abin da take so ta sani, kuma babu wanda zai faɗa mata gaskiyarsa sai shi. Wanne ne zai dawo, wanne ne ba zai dawo ba? Tana so ta san abin da za ta gaya wa kowane yaro.

Suka bi filin tare. A kowane rami yakan sa ƙafa ya ture toka, ya durƙusa ya tura yatsa ya taɓa saiwa. Ita kuma, ba tare da ƙyalle ba, ta san na wane ne kowanne.

"Wannan na Babagana ne."

"Ya mutu."

"Wannan na Sadiqa."

"Shi ma."

Haka suka ratsa tsakiyar filin. Bai yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba, don ya san hannunsa. Da suka iso babban ramin ba ta faɗi suna ba, shi ma bai durƙusa ba. Sai a ƙarshen filin, inda samari suka yi aikin ganin ido, ya kankare wani kututturen sabara da farce ya ga ɗanye.

"Waɗannan za su tofo," ya ce. "Ragwaye ne suka yi nan."

"Allah ya yi wa ragwaye albarka," in ji Malama. Ta so ta yi murmushi, bai fito ba.

Damina ta zo da iska, kamar yadda ta saba. Babu kara a ƙasa, babu reshe a tsaye, rairayi ya taso ya yanke yabanyar makaranta, sai da aka sake shuka. Maikasuwa ya tsaya a bakin hanya yana kallo. Ya san wannan ɓarnar, a gonarsa yake ganinta kowace shekara. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne, daminar da ta wuce da wadda ta gabace ta, filin nan bai yi haka ba. Sabara da kalgo suka tofo a gefen samari, Malama ta fito da yara suka sake zaɓar rassa, aka haɗa yara uku-uku a kututture ɗaya. Gawo kuwa ko ɗaya bai dawo ba. Da kaka abin da aka girbe bai isa a ɗora tukunya ba. Babu wanda ya ce wa Maikasuwa komai. Mutanen da suka yi gayyar suka daina zancenta, kamar ba a yi ba. Ya so ya sauka daga kwamiti, mai gari ya ce a kan wane dalili, kowa ya san alheri ya nufa. Wannan ma bai sauke masa komai ba.

Da rani bai tafi Kazaure ci-rani ba. Akwai wani tsohon gawo a gefen maƙabartar ƙauyen, wanda ya tsira don ba a kai gatari wurin. Da ya fara zubar da 'ya'ya, sai aka riƙa ganin Maikasuwa da sassafe da buhu yana tsinta. Aikin mata ne da yara, su ma sai suka riƙa ja baya suna bar masa gefe guda, suna rufe baki. Ba wani sirri ba ne ya gano. Duk manomi ya san ƙwayar gawo tana da tauri, ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin akuya ta fito. Shi da kansa ya shafe shekaru yana kashe irin wannan tsiron da fartanya a duk inda ya zuba taki. Ya riƙa ba awakinsa 'ya'yan gawo, yana share takin yana tarawa daban. Ya je ya gaya wa Malama abin da yake nufi. Ta ce wanda ya fito daga ƙwaya ba kamar na kututture ba ne, sai ya haƙa saiwarsa da kansa, zai daɗe.

"Na sani," ya ce.

"To, mu haƙa ƙananan ramuka, a zuba takin a ciki, ruwa ya riƙa taruwa."

Labari ya kai kasuwa. Daudu ya tare shi.

"An ce ka koma tsintar 'ya'yan itace da zawarawa. Ko akwai wadda kake nema ne?"

"Kai ka aike ni, Daudu."

Daudu ya tuna da tsokanar da ya yi masa kafin gayya. Bayan ɗan lokaci ya jawo igiya biyu daga tarinsa ya tura masa, ya ce ya ɗaure shinge da su.

Takin gidan gaba ɗaya filin makaranta ya tafi a bayan jaki. Tasalla ta tsaya a ƙofar gida tana kallon mangala ta ƙarshe.

"Mu kuma gonarmu me za ta ci bana?"

"Abin da Allah ya ba ta."

"Allah ya ba ta taki, ka kwashe."

Ba ta hana shi ba. Geronsu na shekarar ya fi na kowace shekara ƙanƙanta, rumbu bai kai rabi ba, sai da wani ɗansu ya riƙa aiko da masara daga Kano. A gonarsa ta nesa, wadda ba ta bakin hanya, Maikasuwa ya bar tsiron kalgo da magarya a kusurwa guda, ya datse su yadda ya ga yara suna yi. Ta bakin hanya kuwa ya share ta fes kamar kullum. Ya ce har yanzu idan ya tuna mutane za su wuce su gani, hannunsa da kansa yake kai wa adda.

Da ruwa ya zauna, tsiro ya fito a ramukan, siriri kamar zare, da ganye ƙanana. Da yawa suka bushe a ɗan tsaikon ruwan da aka yi. Wasu kuma awakin gari ne suka cinye su kafin ya gama kewaye su da ƙaya. Waɗanda suka rage Malama ta raba wa 'yan ƙananan ajujuwa, don su ne za su daɗe a makarantar. Rami ɗaya ne bai bari a raba ba, wanda ya haƙa dab da babban tabon tsakiyar fili. Shi yake kai wa ruwa a jarka idan sama ta yi shiru.

Zulaikha ta shiga aji shida, daga nan sai sakandare a Ɓaɓura. Duk tsawon lokacin gaisuwarta ba ta canja ba. Wata ranar Alhamis da aka tashi daga makaranta, yana durƙushe yana gyara ƙayar, ya ga inuwa a kansa. Ita ce, da jakar littattafai. Ta leƙa cikin shingen ta daɗe.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ai ko akuya sai ta sa tabarau kafin ta gan shi."

Ya ɗago da sauri. Fuskarta ba dariya, amma maganar irin ta da ce.

"Zai girma," ya ce.

"Nawa ya fi ka tsawo. Kafin wannan ya kai nawa, ai kai ka..." Ta tsaya.

"Faɗi mana, Uwar Magana. Na bar duniya."

"Ni ban ce ba."

"Idan kin zo hutu kya riƙa duba shi."

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ya duba hannunta ko ta zo da ƙyallen, babu. Ta gyara jakarta ta yi gaba. Da ta yi 'yar tafiya ta juyo ta ce ya rage ruwan, Malama ta ce idan ya yi yawa saiwar ba za ta nemi ƙasa ba. Ya rage.

Gawon yana nan, yanzu ya kai gwiwar mutum. Kusa da shi tabon tokar ya shafe, amma ramin bai cike ba, kuma Maikasuwa yakan kauce masa idan zai wuce. Hularsa har yau ba a sake ɓoye ta ba. Goro dai ya taɓa ɓata sau ɗaya daga kan tabarma, Tasalla ta ce ba ita ba ce, bai bincika ba don kada a ce masa kaza ce. Sandar tana nan riƙe da rumfar awaki. Ɗansa ya taɓa kawo wata ya ce a canja, wannan gara ta fara ci. Maikasuwa ya ce a bar ta. Kullum da safe, idan ya je share taki, sai ya sunkuya ta ƙarƙashinta.